Firinta Mai Tawada ko Mai Leza: Yadda Za Ka Zaɓi Wadda Ta Dace da Gidanka

Yawancin masu sayen firinta da tambaya ɗaya suke shiga shago: wacce ta fi araha? Sai mai shago ya nuna musu 'yar ƙaramar firinta mai tawada, mai kyan gani, tana buga kala, tana fotokwafi, kuɗinta kuma bai kai na mai leza da ke gefenta ba. Bayan wata biyu ko uku tawada ta ƙare, ko ta bushe a ciki. A koma kasuwa neman katirij, wato ɗan akwatin da tawada ke ciki, a tarar kuɗin guda biyu, baƙi da mai kala, ya kusa kamo kuɗin firintar kanta. Daga nan sai a ɗora ta kan kabad a rufe da zani, a ci gaba da zuwa shagon buga takardu na bakin titi kamar da. Araha ba ta ado, kuma a harkar firinta maganar ta zauna daram, domin kamfanoni da dama da gangan suke sauƙaƙa kuɗin na'urar su fanshe a tawada.

Abu uku ne ke yanke hukunci: sau nawa kake buga takarda, wace irin wuta ce a gidanka, da nawa kowane shafi zai riƙa ci maka. Sauran duk ƙari ne. Amma kafin a shiga matakan, yana da kyau ka san abin da ke faruwa a cikin kowacce, don daga nan ne duk halayensu suka samo asali.

Firinta mai tawada, wato inkijet, ruwan tawada take fesawa kan takarda ta wasu 'yan ƙofofi da suka fi silin gashi siranta. Ƙofofin suna jikin wani ɓangare da masu gyara ke kira kai, mai kai da komowa a faɗin takarda. Canon da HP zafi suke amfani da shi wajen tunkuɗo ɗigon tawadar, Epson kuwa wani sinadari ne mai motsawa idan lantarki ya taɓa shi. Mai leza ba ta da ruwa sam. Gari ne mai laushi a cikinta, tona, wanda aka haɗa da launi da roba. Hasken leza yana zana hoton shafin a jikin wani gangan silinda, garin ya manne a inda aka zana, ya koma kan takarda, sannan takardar ta ratsa tsakanin wasu rola biyu masu zafin da ke kusan digiri 200, garin ya narke ya kama. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Injiniya Gary Starkweather ne ya ƙirƙiro wannan fasaha a kamfanin Xerox wajen 1969 zuwa 1971, kuma a 1984 HP ta fitar da LaserJet ta farko da ke zama kan tebur.

Ruwa yana bushewa, gari ba ya bushewa. Zafi yana shan wuta, fesa ɗigo ba ya sha. Ka riƙe waɗannan biyun.

Mataki na farko: tattaro abin da kuka buga a 'yan watannin nan

Kada ka yi lissafi da abin da kake tunanin za ka buga nan gaba. Zauna da mutanen gida ku tuna abin da ya kai ku shagon bugawa a wata ukun da suka wuce. Silif ɗin JAMB, takardar biyan kuɗin makaranta, takardar neman aiki, tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, babin furojet da malami ya ce a gyara a sake kawowa, jadawalin Islamiyya, rasit na sana'a. Ka raba su gida biyu, baƙi zalla da masu buƙatar kala, ka ƙiyasta shafi nawa ne a wata.

Gidaje da yawa za su tarar kusan komai baƙin rubutu ne. Wasu kuwa kala ce rayuwarsu: mai yin kek ko turaren wuta da ke buga sitika, malamar nazire mai buƙatar hotunan dabbobi da haruffa, mai buga hoton fasfo. Idan hoto na cikin aikinka, mai tawada ce taka, domin ita ke iya haɗa launin fata da kyau a kan takarda mai sheƙi. Mai leza ta kala tana fitar da jadawali da tambari tsaf, amma hotonta ba ya kai na tawada, kuma tona huɗu take ci, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, kowanne da kuɗinsa.

Idan kuwa lissafi ya nuna bai wuce shafi biyar ko goma a wata ba, kuma akwai shago kusa da ku, to gaskiya ba ka buƙatar firinta. Ka riƙe kuɗinka.

Mataki na biyu: tazarar da ke tsakanin bugu da bugu

Nan ne mutane suka fi yin asara, don suna kallon yawan shafi su manta da tazara. Mutum biyu na iya buga shafi 60 a wata. Na farko kullum yana buga biyu. Na biyu sai ƙarshen wata ya buga sittin ɗin gaba ɗaya, wani lokaci ma ya yi wata biyu bai kunna ba. Ba firinta ɗaya ce ta dace da su ba.

Idan mai tawada ta daɗe a ajiye, ruwan da ke bakin ƙofofin nan yana kafewa ya toshe su. Sai ka ga rubutu na fitowa da fararen layuka a tsakiya, ko wani launi ya ɓace ɗungurungum. A ƙasashenmu abin ya fi tsanani, saboda busasshiyar iskar hunturu da zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40. Firintar tana da hanyar wanke kanta, amma da tawadarka take wankin: tana zuƙo ta ta ƙofofin ta zubar a wani soso da ke can ƙasa. Wanda ba ya bugu sosai zai iya ƙarar da katirij a wanki fiye da a rubutu. Sosan ma yana cika, kuma idan ya cika wasu firintocin tsayawa suke yi cak sai an kai wa mai gyara.

Ka tambaya kuma ina kan nan mai fesa tawada yake. A ƙananan HP DeskJet da wasu Canon PIXMA, kan yana jikin katirij ɗin, don haka idan ya toshe sabon katirij ya raba gardama. A Epson kan na jikin na'urar ne, yana da ƙarko, amma idan ya mutu canza shi babban kuɗi ne.

Mai leza ba ruwanta da wannan. Ka bar ta wata shida a rufe, ranar da ka kunna za ta buga kamar jiya ka kashe ta. Don haka idan ka san kanka, ba za ka iya buga ko da shafi ɗaya mai kala duk mako ba, ko kana yawan tafiya, mai leza ta fi maka kwanciyar hankali.

Mataki na uku: wutar gidanka

Shawarwarin da ake rubutawa a Turai da Amurka ba kasafai suke taɓo wannan ba, alhali a wajenmu yana iya juya hukuncin gaba ɗaya.

Firinta mai tawada ta gida wat 10 zuwa 20 take sha tana cikin aiki. Ƙaramin sola, inbata, UPS (na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta), ƙaramin janareta, duk suna ɗaukarta ba tare da sun ji ba. Mai leza ta gida kuwa tana shan wat 300 zuwa 500 lokacin bugu, kuma a daidai lokacin da take ɗumama rolar nan takan fizgi wutar da ta haura wat 800 na ɗan lokaci. Ka ɗauke ta kamar dutsen guga: duk wutar da ba za ka yarda ka jona mata dutsen guga ba, kada ka jona mata firinta mai leza. Ƙaramin janaretan nan na wat 650 zuwa 950 zai yi ta nishi, ƙwai su dushe, wani lokaci ya mutu da takarda a tsakiyar na'ura. Ƙaramar inbata za ta yi ƙara ta yanke. UPS na kwamfuta kuwa masu ƙera shi da kansu suna gargaɗin kada a jona masa mai leza.

Ba wai tana cinye kuɗin wuta ba ne, domin bugun shafi goma bai kai minti ɗaya ba. Ƙarfin fizgar ne abin dubawa. Saboda haka ka karanta takardar da ke manne a bayan inbatarka ko janaretanka. Idan inbatar ta kai kVA 2 ko sama, mai fitar da tsaftatacciyar wuta, kuma ba ka ɗora mata firji da famfon ruwa a lokaci guda ba, mai leza za ta zauna lafiya. Idan abin da kake da shi batir ɗaya ne da faifan sola biyu, ko kuma unguwarku wutar da ake kawowa ba ta da ƙarfi, mai tawada ce za ta yi maka aiki a lokacin da kake buƙata. Mai leza a kan wuta mara ƙarfi takan ƙi ɗumama ta nuna alamar matsala, ko ta fitar da rubutun da ke gogewa da yatsa. Sitabilaiza na taimakawa, amma a sayi mai ƙarfin da ya kai VA 2,000.

Mataki na huɗu: lissafin kuɗin shafi ɗaya

Lissafin ba wuya. Ka ɗauki kuɗin katirij, ko kwalbar tawada, ko tona, ka raba da adadin shafukan da aka rubuta zai buga. Farashi yana canzawa da canjin dala, don haka kai za ka tambayo shi a kasuwarku ranar da za ka saya. Adadin shafuka kuwa kamfanoni sun wallafa shi.

Ƙaramin katirij baƙi irin HP 123 ko 305 shafi kusan 120 yake bugawa. Tona irin HP 85A ko Canon 725 shafi 1,600. HP 12A na tsofaffin LaserJet 1020 shafi 2,000. Kwalbar baƙar tawada ta Epson L3210 ko L3250 an rubuta mata shafi 4,500, saitin kala ukun kuma 7,500. Wato kafin kwalba ɗaya ta ƙare, mai ƙaramin katirij ya sayi kusan guda 38, mai leza ya sayi tona uku.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya sauya kasuwar baki ɗaya, wato firinta mai tanki. Ita ma mai tawada ce, sai dai maimakon katirij tana da tankuna huɗu a gefe ko a gaba, kana ɗura musu tawada daga kwalba. Epson ta fara sayar da irinta a Indonesiya a 2010, inda masu gyara suka daɗe suna jona wa firintoci tankunan waje da tiyo. Yau akwai Epson EcoTank, Canon PIXMA jerin G, da HP Smart Tank. Kuɗin sayenta ya fi na mai katirij nesa, amma a kuɗin shafi babu wadda ta kai ta sauƙi, har mai leza.

Sai dai ka gwada alƙaluman da naka bugun. A ce gidanku shafi 50 kuke bugawa a wata. Mai katirij zai sayi biyar a shekara. Tona mai shafi 1,600 zai kai wata 32. Kwalbar nan ta 4,500 a takarda za ta kai shekara bakwai da rabi, amma ba za ta kai ba, don wanki zai sha rabonsa, tawada kuma tana da wa'adi. Ma'ana, ribar tanki sai mai bugu da yawa ke cin ta. Mai shafi 300 ko 500 a wata zai gani a aljihunsa cikin shekara guda. Mai shafi 30 ya biya kuɗin tanki, ya kuma ɗauki nauyin hana shi bushewa.

Abu biyu ka sani game da waɗannan alƙaluma. An auna su ne da shafi mai rubutu kaɗan, wanda tawada ta rufe kusan kashi 5 cikin 100 na takardar. Shafi mai cike da rubutu, ko silif mai hoto da tambari, ya fi haka ci sosai. Na biyu, katirij ko tonan da ke zuwa cikin kwalin sabuwar firinta sau da yawa ba cikakke ba ne, na somawa ne, don haka kada ƙarewarsa da wuri ta tsorata ka.

Ra'ayina a nan a fili yake. Gidan da baƙin rubutu ya fi yawa, bugu jefi-jefi, wuta mai ƙarfi: ƙaramar mai leza baƙi da fari. Ranar da ake son kala, a kai shago. Gidan da ake bugu kusan kullum, ko ana son kala, ko sola ce ke riƙe da gidan: mai tanki. Mai ƙaramin katirij kuwa ba na ba kowa shawarar ta, sai wanda sikana da fotokwafi na lokaci-lokaci ne ainihin buƙatarsa, kuma ya shiga da idonsa a buɗe. Ga wani abin takaici nata: katirij ɗin kala launi uku ne a gida ɗaya, idan rawaya ta ƙare sai ka jefar da sauran biyun ko da ba a taɓa su ba. Mai leza ta kala ta fi dacewa da ofis fiye da gida.

Mataki na biyar: shin ana samun abincinta a garinku?

Kafin ka biya, rubuta lambar tawada ko tonan firintar a takarda, ka zagaya shago uku daban ka tambaya. Wanda ke Kano ko Abuja ko kusa da Computer Village ta Ikeja ba zai sha wahala ba. Wanda ke ƙaramar hukuma mai nisa kuwa gara ya sayi irin wadda masu shagunan bugawa na garinsu ke amfani da ita, don ita ce mai gyara ya sani, ita ce ake samun kayanta. Wannan ne ya sa tsofaffin LaserJet ke da farin jini har yanzu: tonansu na ko'ina, ana iya sake cika shi da gari, ana canza gangan da rola da kuɗi kaɗan.

Ka tambaya ko katirij ɗin yana da cif. Sababbin firintoci da yawa suna karanta wani ɗan guntun cif a jikin katirij, wasu kuma suna ƙin karɓar wanda ba na kamfaninsu ba, musamman bayan sun sabunta manhajarsu ta intanet. Akwai kuma rabon yanki: firintar da aka sayo daga Amurka na iya ƙin katirij ɗin da ake sayarwa a Afirka, ko da girmansu ɗaya. Idan ɗan'uwa zai aiko maka da firinta daga waje, a duba wannan tukuna.

Jabu ma ya yi yawa. Tona mara kyau ɓarnarsa da sauƙi, rubutu ya yi fari-fari ko gari ya zube a ciki. Tawada mara kyau a cikin mai tanki kuwa kan firintar take kashewa, ga shi ta asalin ba tsada gare ta ba idan aka raba da shafukan. A nan kada ka yi rowa, kuma kada ka gauraya iri biyu a tanki ɗaya.

Mataki na shida: ƙarin abubuwa

Sikana da fotokwafi suna da amfani a gida fiye da yadda ake zato, ga katin ɗan ƙasa, ga takardar haihuwa, ga sakamakon jarrabawa. Idan da hali ka sayi mai haɗe da su. Wi-Fi ya zama dole idan babu kwamfuta a gidan sai wayoyi. Ka tabbatar tana iya haɗuwa da waya kai tsaye ko babu rauta. Buga gaba da baya da kanta yana rage cin takarda ga ɗalibai. Gudu kuwa, ƙaramar mai leza na fitar da shafi 18 zuwa 20 a minti, mai tanki kusan 10 baƙi, 5 mai kala. Sai mai buga furojet mai shafi ɗari zai damu da wannan bambanci.

Mataki na bakwai: gwaji a gaban mai shago

Gani ya kori ji. Ka tafi da takardunka a filashi ko a waya, shafi ɗaya mai rubutu, ɗaya mai hoto, a buga kana tsaye. Ka jiƙa yatsa ka goga kan rubutun. Tona ba ya motsi. Tawada iri biyu ce, akwai mai zuba da zarar ruwa ya taɓa ta, akwai mai jurewa, kuma ga takardar da za a ajiye shekaru, kamar yarjejeniyar fili ko haya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan ta hannu ce, mai leza ta fi aminci, amma ka fara juya bayanta ka karanta ƙarfin wutar. Tamu volt 220 zuwa 240 ce. Mai leza da aka ƙera don Amurka 110 zuwa 127 ce, kuma jona ta kai tsaye ƙonewa ne nan take. Taransifoman da zai riƙe ta ma sai babba. Ka sa a buga shafin bayanan na'urar, a nan za ka ga adadin shafukan da ta buga tun tana sabuwa. Ɗigo ko layi mai maimaituwa a tazara ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ganga ne ya gaji, gyaransa da sauƙi. Rubutu mai gogewa da busasshen yatsa, ɓangaren zafi ne, wannan kuɗi ne, ka rage farashi sosai ko ka bar ta. A buga shafi goma a jere ka ga ko tana cije takarda ko tana jan biyu-biyu. Ka kuma tabbatar tana aiki da irin Windows ɗin da ke kwamfutarka. Mai tawada ta hannu kuwa kada ka karɓa sai an buga shafin gwajin ƙofofi ka ga kowane launi ya fito babu yankewa. Sabuwa ce, karɓi rasit da takardar garanti mai lambar na'urar.

Bayan ta iso gida

Mai tanki a ɗauko ta a miƙe, kada a kwantar da ita ko a kifa ta a bayan babur. Ɗurin farko yana ɗaukar kusan minti goma tana jan tawada zuwa kai, kuma ba a so wuta ta yanke a tsakiya, don haka a yi shi a kan inbata ko UPS. Daga nan a riƙa buga shafi mai dukkan launuka sau ɗaya a mako, a lokacin hunturu sau biyu. A kashe ta da maɓallinta, a jira ta yi shiru kafin a zare soket, saboda a lokacin ne kan ke komawa mazauninsa ya rufe bakinsa. Kada a bari tawada ta sauka ƙasa da layin da ke jikin tanki, iska za ta shiga tiyo.

Mai leza a ajiye ta inda iska ke shiga, ba kusa da gadon kwana ba, a bar mata sarari ta baya don zafi ya fita. Tonan ajiya kada ya kwana a mota ko inda rana ke duka, zafi na dunƙule garin. Idan rubutu ya fara dushewa, a ciro katirij a girgiza shi a hankali gefe da gefe, zai ƙara buga shafuka da dama. Garin da ya zuba a riga da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi narkar da shi yake yi ya kama. Kada a taɓa saka mata takardar hoto ko sitikar da aka yi don mai tawada, rufin jikinsu yana narkewa ya liƙe a rola.

Dukansu biyun a rufe su da ƙyalle idan ba a aiki, saboda ƙura. Takarda a sayi A4 mai nauyin giram 80, a bar rim ɗin cikin ledarsa, musamman da damina, don takardar da ta sha danshi ita ce ke lanƙwashewa ta maƙale a ciki. Idan ta maƙale, a kashe na'urar, a buɗe murfi, a ja takardar da hannu biyu a hankali ta hanyar da take bi ta fita, ba da wuƙa ko almakashi ba.